TSOFAFFIN BINDIGOGIN SOJA DA MASU SHA'AWAR TARA SU

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya akwai waɗansu mutane da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin da sojojin duniya suka yi yaƙi da su, aka kuma daina yayinsu. A cikinsu akwai likitoci da manoma da akawuna da malaman makaranta. Sukan sayi bindigar da ta girmi kakansu, su wanke ta, su karance tambarin da ke jikinta, su shigar da ita littafi, sa'an nan ranar hutu su kai ta filin harbi su gwada ta a jikin allo. Wanda ya ji labarin daga nesa ya iya cewa aikin banza ne, ko kuwa wasa da wuta. Amma in an matso kusa za a ga sha'anin ya fi kama da aikin mai tsaron ɗakin ajiyar takardu, domin kowace bindiga daga cikinsu takarda ce da aka rubuta da ƙarfe, kuma darajarta tana ga barinta yadda aka same ta.

Irin bindigogin da yawa, amma za mu fi tsayawa a kan guda ɗaya, watau Lee-Enfield ta Ingilishi, don ita ce ta shafe mu, kuma tana cikin waɗanda masu tarawa suka fi ƙauna.

ASALIN LEE-ENFIELD

Sunan nan biyu ne aka haɗa. Lee shi ne James Paris Lee, wanda aka haifa a Sikotilan cikin 1831, ya tashi a Kanada, ya yi sana'arsa a Amurka. Shi ya tsara irin nasa samfurin ƙarfen nan mai kama da sakatar ƙofa wanda a ke ja baya a fid da kwanso, a tura gaba a ɗora sabon harsashi, tare da gidan harsashi da ke ƙarƙashinsa. Enfield kuwa sunan wuri ne a arewacin London inda ma'aikatar makamai ta Gwamnatin Ingila ta ke.

Cikin 1888 sojan Ingila suka karɓi dabarar Lee, suka haɗa ta da bututun da wani injiniya mai suna Metford ya tsara, aka kira bindigar Lee-Metford. Ba a daɗe ba aka bar baƙin albarushi aka koma ga wani sabo marar hayaƙi, shi kuwa zafinsa ya riƙa cinye tsagar da ke murɗe a cikin bututun. Sai ma'aikatar Enfield ta fito da tsaga mai zurfi, cikin 1895 aka sami Lee-Enfield. Faɗin bakin harsashinta .303 na inci ne, shi ya sa a ƙasashe da dama ba a san ta da wani suna ba sai wannan lamba.

Yaƙin da Ingilishi suka yi da Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya nuna musu doguwar bindiga ta yi wa mahayi tsawo, gajeriyar kuma ba ta isar dakare. Don haka aka yi matsakaiciya wadda kowa zai riƙe, a ke taƙaita sunanta da haruffa huɗu, SMLE. Sojoji da barkwanci suka mai da haruffan wata kalma ta Turanci mai ma'anar "mai wari". Samfurinta mafi shahara, Mark III, an amince da shi ran 26 ga Janairu 1907. Nauyinta ya kusa laba 9, tana cin harsashi 10, alhali Mauser ta Jamus da Mosin ta Rasha 5 su ke ci.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne sauri. Mariƙin sakatarta yana kusa da kunama, hannu ba ya yin nisa. Kafin Yaƙin Duniya na Farko akan gwada sojan Ingila da harbi 15 cikin minti ɗaya a nisan yadi 300, gwanaye kuwa sukan zarce haka nesa. Har ana ba da labari cewa a Mons, cikin Agusta 1914, Jamusawa sun zaci bindigogi masu ruwa ne su ke fuskanta saboda yawan wutar da ta sauko musu.

Da Yaƙin Hitila ya taso aka fito da samfurin da a ke kira No. 4, mai kaurin bututu da sauƙin ƙira, banatinta kamar tsinke. Cikin 1944 aka yi ƙanwarta No. 5, gajeriya marar nauyi, domin yaƙin kurmi. An ƙiyasta duk irin Lee-Enfield da aka ƙera sun kai wajen miliyan 17. Sojan Ingila sun fara sauke ta cikin 1957, amma ta daɗe a hannun waɗansu. Masu sintirin ƙanƙarar arewacin Kanada sun riƙe No. 4 tun 1947, ba a fara musanya musu ba sai 2018, domin ba ta ƙin tashi ko sanyi ya kai inda ya kai. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya kuwa sai ran 26 ga Janairu 2020 suka yi mata faretin sallama.

INDA TA SHAFE MU

Mai karatu ya san rundunar da Lugga ya kafa cikin 1897, wadda ta zama sojan Afirka ta Yamma, da yadda Hausa ta zama harshen bariki a cikinta. A Yaƙin Duniya na Biyu an haɗa manyan runduna biyu daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82. Ta farko ta sauka Indiya cikin 1943, ta biyu cikin 1944, suka shiga Bama suka kara da Japan a kwarin Kaladan da lardin Arakan, suka ci Myohaung cikin Janairu 1945. Wani ɓangare na sojan Nijeriya kuma ya bi rundunar Chindit zuwa bayan abokan gaba cikin 1944. Sunayen nan sun zama sunayen barikoki: Chindit a Zariya, Myohaung a Ikko, Kaladan a Tamale ta Gana. Bindigar da dakarun nan suka rataya a kafaɗa cikin ruwan sama da taɓo ita ce Lee-Enfield, bayan yaƙi kuma ta daɗe a hannun soja da 'yan sandan ƙasar nan. Saboda haka in wani Bature a Sidini ko Toronto ya ɗauko tasa yana juya ta, abin da ya ke riƙe da shi yanki ne na tarihin iyayenmu da kakanninmu.

YADDA A KE KARANTA BINDIGA

Nan ne zuciyar sha'anin. Gwamnatin Ingila ba ta barin kayanta ba hatimi, kuma duk hannun da bindiga ta bi sai ya bar alama. A kan zoben ƙarfen da ke haɗa ƙota da gangar SMLE akwai kambi, ƙarƙashinsa haruffan Sarki: E.R. na Sarki Edward, G.R. na Sarki Joji. Sa'an nan sunan ma'aikata da shekara. Ban da Enfield, an ƙera ta a Birmingham, da London, da Lithgow ta Ostareliya, da Ishapore ta Indiya. Ita kuwa No. 4 an yi ta a Fazakerley kusa da Libaful, da Maltby, da Shirley, da Long Branch ta Kanada. Kamfanin Savage na Amurka ya yi fiye da miliyan 1, aka buga musu rubutu cewa dukiyar Amurka ce, domin da sunan aro aka ba Ingila su.

Kan kibiya alama ce ta kayan Gwamnati. In an ga kibau biyu sun haɗa kai, an sayar da ita ke nan daga aikin soja bisa ƙa'ida. Haruffan FTR da shekara suna nuna an mai da ita ma'aikata an yi mata babban gyara. DP kuwa gargaɗi ne, ma'anarsa ba ta da amfani sai ga fareti, wanda ya ɗora mata harsashi ya sayi rigima da kuɗinsa. A jikin ƙotar tsofaffin akwai wani kwabon tagulla da akan buga sunan bataliya da lambar bindigar a ɗakin makamai. A ƙarshen ƙota kuma akwai 'yar ƙofa, cikinta kwalbar mai da igiyar share bututu, kuma mai tarawa yakan yi murna ƙwarai in ya buɗe ya tarar da su.

Babban abin da a ke dubawa shi ne lamba. Lambar da ke jikin ganga ita ya kamata a gani a jikin sakata, domin a ma'aikata aka daidaita su da juna. In sun saɓa, daraja ta ragu, kuma sai an kai wa gwani ya auna kafin a harba. Kowane akawun baitulmali ya san wannan hukunci: rasit da littafi in ba su yi daidai ba, akwai magana.

Sauran ƙasashe ma da nasu. Bindigar Japan, Arisaka, tana ɗauke da furen da ke hatimin Sarkinsu. Da suka miƙa wuya cikin 1945 aka goge furen daga mafi yawansu don kada hatimin Sarki ya faɗa hannun abokan gaba, shi ya sa wadda furenta ke nan ta fi tsada. Mauser ɗin da Rasha ta kwashe ganima daga Jamus an wargaza su an sāke haɗawa ba a kula da lamba ba, aka buga musu alama mai kama da X. Mafi ban sha'awa ita ce K31 ta Suwizalan. A can soja da bindigarsa ya ke komawa gida, saboda haka akan sa 'yar takarda ƙarƙashin ƙarfen ƙota mai ɗauke da sunansa da shekarar haihuwarsa da garinsu. Masu saye a Amurka sukan kwance ƙarfen su sami takardar, waɗansu har su rubuta wasiƙa zuwa ga tsohon sojan ko 'ya'yansa, a kuma amsa musu.

Inda akwai riba ba a rasa algus. A Darra Adam Khel, kusa da mashigin Khyber a Pakistan, maƙera sun daɗe suna kwaikwayon Lee-Enfield da hannu, har da kambi da rubutu. Da me a ke kama su? Da sanin tarihi. Akan ga harafin N ya juya baya, ko a ga V.R., haruffan Sarauniya Biktoriya, tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a farkon shekaran nan ta rasu. Ƙarfensu ba shi da tabbas, masana suna hana harba su. Haka kuma waɗansu 'yan kasuwa sun yanke dogayen bindigogi suka sayar da sunan No. 5, don sun ga ita a ke nema.

YADDA SUKA FITO KASUWA

Bayan 1945 ɗakunan makaman duniya sun cika da bindigogin da ba a bukata, ga shi kuma sojoji suna komawa ga masu ɗora kansu. Wani Ba'amurke, Samuel Cummings, ya kafa kamfanin da aka sani da Interarms, ya bi gwamnatoci yana saye jirgi jirgi, yana tarawa a Alexandria ta jihar Bajiniya. A shekarun 1950 mutum kan ga talla a mujalla, ya aika da 'yan daloli ta gidan waya, a kawo masa bindiga har gida ba wanda ya ga fuskarsa.

Araha ta jawo ɓarna iri biyu. Ta farko ta faɗa wa bindigogin. Mafarauta suka riƙa saye suna datse katako, suna yanke bututu, suna huda ganga don ɗaura madubin hange, suna goge tambari don ta yi ƙyalli. Garin gyaran gira aka rasa ido, gama dubbai sun zama ba su ga soja ba su ga tarihi, yau kuma wadda aka taɓa ba ta kama ƙafar wadda aka bari wajen kuɗi. Ta biyu ta fi muni. Bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a Dallas ran 22 ga Nuwamba 1963 tsohuwar Carcano ce ta sojan Italiya, wadda Lee Harvey Oswald ya saya ta gidan waya daga wani kanti a Chicago, da sunan ƙarya, a kan wajen dala 20. Cikin 1968 Majalisar Amurka ta yi doka ta toshe irin wannan ciniki, ta hana shigo da rarar makaman soja, ta kuma fid da lasin na musamman domin masu tara tsofaffi, da sharaɗin su riƙe littafin shiga da fita. Bindigar da ta shekara 50 tana shiga wannan aji. Cikin 1984 aka sāke buɗe ƙofar shigo da su, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet kuma Mosin ta cika kasuwa, ana buɗe akwatuna ana fid da su cikin daskararren giris.

A FILIN HARBI

Masu tarawa kashi biyu ne. Akwai mai ajiyewa kawai, yana tsoron kowane harbi zai rage wani abu. Akwai mai cewa ba ka san bindiga ba sai ka ji dukanta a kafaɗa, ka gane abin da kurtun 1916 ya ji. Yawanci sukan raba: mai wuyar samu a bar ta a akwati, mai yawa a kai ta fili.

A Ingila gidan wannan wasa shi ne Bisley, a gundumar Surrey. Ƙungiyar maharba ta ƙasar an kafa ta cikin 1859, ta yi taronta na farko a Wimbledon cikin 1860, inda Sarauniya Biktoriya ta buɗe da harbin farko ta hanyar jan igiya, sa'an nan aka ƙaura Bisley cikin 1890. Filinsu mai suna Century ya kai yadi 600, Stickledown kuwa yadi 1,200. Masu duba allo suna ɓoye bayan tudun ƙasa, in an harba su sauke allon, su sa alama inda harsashi ya huda, su ɗaga. Akwai ƙungiya ta masu Lee-Enfield kaɗai, akwai kuma taron tsofaffin makamai da a ke kira Trafalgar cikin Oktoba. Ba mai riƙe irin bindigan nan a Ingila sai da takardar 'yan sanda, bayan an bincika halinsa, an ga dalilinsa, an duba akwatin ƙarfen da zai kulle ta. Tun dokar 1988, wadda ta biyo bayan kisan gillar Hungerford, an hana manyan bindigogi masu ɗora kansu, saboda haka masu sakata su ne suka rage wa masu sha'awa.

A Amurka kuwa abar ƙauna ita ce M1 Garand, wadda John Garand ya ƙago, soja suka karɓa cikin 1936. Tana cin harsashi 8, in sun ƙare sai mariƙinsu ya yi tsalle waje da 'yar ƙara kamar an jefa cokali. Wata hukuma da doka ta kafa don koya wa farar hula harbi, mai ofis a Anniston ta Alabama, ita ke sayar da rarar soja ga ɗan ƙasa wanda ke cikin ƙungiyar harbi, bayan an bincika shi. A Camp Perry ta Ohio, inda a ke gasar ƙasa tun 1907, akwai gasar Garand da ta sauran tsofaffi. Nisa yadi 200, harbi 30: 10 a kwance a tsanake, 10 a kwance da sauri, 10 a tsaye. Sharaɗin gasar shi ne bindiga ta zo yadda aka ba soja ita, ba ƙari ba ragi. Wannan sharaɗi ya ceci bindigogi da yawa daga zarto.

Kula da su ma ilmi ne. Tsohon harsashin soja yakan bar wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Sojan Ingila da mazurari su ke ɗura tafasasshen ruwa a bututu bayan harbi, sa'an nan su busar su shafa mai, masu tarawa kuma har yau haka su ke yi in sun harba tsohon harsashi. Da tsohuwar zuma a ke magani. Ka'idodin fili kuwa ba sassauci: kowace bindiga a ɗauke ta tamkar da harsashi a ciki, baki kullum wajen allo, yatsa nesa da kunama, sakata a buɗe sai shugaban fili ya ba da izini. Wanda ya saɓa sau ɗaya akan fitar da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kada wani ya karanta wannan ya ce bari ya nemo tasa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta jera bindigogin soja masu harsashi .303 da .300 na inci, da 7.62 da 9 na milimita, cikin makaman da aka haramta wa mutane riƙewa, kuma hukuncin saɓawa ɗauri ne. Tsufa ba ya fid da bindiga daga wannan jeri, gama ta shekara 100 tana kisa kamar ta jiya. Wanda ya tarar da irinta cikin kayan gado, hanya ɗaya ce gare shi, ya sanar da 'yan sanda. Ƙasar da ta sha wuyar makaman da suka bazu a hannun da bai dace ba ta fi kowa sanin dalilin wannan doka.

Amma akwai rabonmu a cikin sha'anin. Da aka rufe ma'aikatar Enfield cikin 1988, ɗakin samfurinta, inda aka ajiye ɗaya daga kowace irin bindiga da takardar hatiminta, ba a watsar da shi ba, yau yana hannun gidan makaman tarihi na Leeds, masu bincike na zuwa su duba. Mu ma muna da gidan kayan yaƙi a Umuahia, da gidajen tarihi a Jos da Kaduna da Kano, nan ne mazaunin irin waɗannan kaya. Abin da ke gidajenmu kuwa, wanda doka ba ta hana kowa ajiyewa ba, ya fi bindigar saurin lalacewa: lambobin yabon Bama, littafin albashin soja, takardar sallama, hoton fareti, wasiƙar da aka aiko daga Indiya. Sojojin da kansu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, takardun kuwa gara da ɗigar damina suna cinsu a ƙarƙashin gado.

To, malamin makaranta ya iya sa yaransa su tambayo a gida wa ya je yaƙi, a wace bataliya, ya dawo ko bai dawo ba, a rubuta. Akawu ya iya kwafe lamba da shekara da sunan gari kafin tawada ta dushe. Mutumin Ohio da ya sami 'yar takarda ƙarƙashin ƙota ya san sunan wanda ya riƙe bindigarsa shekara 70 da suka wuce, domin wani ma'aji a Suwizalan bai yi ƙyuyar rubutawa ba. Jikan tsohon sojan Kaladan ya fi shi cancantar sanin sunan kakansa da lambarsa, kuma ba zai sani ba sai in an rubuta tun yanzu.